Yadda Ake Tantance Takardar Auna Fargabar Haihuwa Kafin a Yarda da Ita

Wani dare aka kawo mana wata yarinya ɗakin haihuwa, cikin fari, ba za ta wuce shekara 19 ba. Tun bayan isha'i har aka kira assalatu ban ji muryarta ba. In ciwon ya taso sai ta cusa gefen zaninta a baki ta damƙe ƙarfen gado, in ya lafa ta saki. A daren akwai wata ɗalibata da ke tattara bayanan aikinta na kammala karatu, tana yawo da wata takardar tambayoyi da ta samo a intanet, ta fassara da kanta. Ta tsuguna gefen gadon ta ce, "Ƙanwata, kina jin tsoro?" Yarinya ta girgiza kai. "Kina tunanin wani abu zai sami jaririn?" Ta ce, "Allah Ya kiyaye." Ɗaliba ta rangaɗa sifili, ta ƙara sifili, ta wuce gado na gaba.

Da hantsi, bayan ta sauka lafiya, ina duba ko jini ya tsaya, sai ta riƙo hannuna. "Sista, kafin mu taho sai da na bi 'yan gidanmu ɗaki-ɗaki na nemi gafara. Na gaya wa Yaya masu bina bashi, na nuna mata inda na ajiye kuɗin adashi." Wannan ita ce wadda takarda ta ce ba ta da tsoro ko ƙanƙani.

Tun daga ranar, duk ɗalibar da ta zo min da takardar auna fargabar haihuwa, tambayata ta farko ita ce wa ya tabbatar miki tana aunawa. Ga yadda nake bi da su. Da ke zan yi magana, ungozoma ko nas mai shirin bincike, domin ku ne kuka fi zuwa min da wannan aiki. Maza masu bincike ku yi haƙuri ku tsinci naku a ciki.

Abu biyu ake nema a wurin kowane ma'auni. Na ɗaya ya tsaya kan magana ɗaya, na biyu ya auna abin da aka ce yana aunawa. Mudun da aka bubbuge wa gindi a kasuwa, sau ɗari kika auna gero da shi awo ɗaya zai ba ki, amma ba mudu ba ne. Yawancin ɗalibai na farkon suke gwadawa, saboda kwamfuta tana fitar da shi cikin minti guda. Na biyun ne mai cin lokaci, kuma rabinsa a kan tabarma ake yi.

Wane tsoro, a wane lokaci?

Ki zauna ki rubuta a jimla ɗaya abin da kike so ki auna. Zullumin mai ciki wata bakwai da ke kwana tana juyi daban yake da firgicin wadda ke kan gwiwa yanzu, kuma dukansu daban suke da abin da mai jego ke tunawa bayan suna. Sannan akwai macen da dama can mai yawan damuwa ce ko ba ciki. In ba ki raba waɗannan ba, takardarki za ta zama dambu.

Kada ki yi gaggawar ƙirƙiro sabuwa. Wadda aka fi amfani da ita a duniya ita ce W-DEQ, wadda Klaas Wijma da Barbro Wijma da Margareta Zar suka fitar a Suwidin a 1998. Tambayoyi 33 ne, kowace daga 0 zuwa 5, jimla daga 0 zuwa 165, kuma iri biyu ce: A ta kafin haihuwa, B ta bayan haihuwa. Babu wadda aka yi domin tsakiyar naƙuda a cikinsu, kuma duk wadda ta taɓa tsayawa kan mai naƙuda ta san ba a yi mata tambaya 33. Saboda haka su Wijma suka sake fitar da gajeriya a 2002, ana kiranta DFS, tambayoyi 10, kowace daga 1 zuwa 10. Akwai kuma FOBS ta 2011, da aka fara gwadawa a Ostareliya da Suwidin: layi biyu ne kawai, kowanne milimita 100, ɗaya daga kwanciyar hankali zuwa damuwa, ɗaya daga rashin tsoro zuwa tsananinsa, mace ta sa alama. STAI ta Spielberger ta damuwa ce gaba ɗaya, ba ta haihuwa kaɗai ba, kuma lasisinta na kuɗi ne. Kowace kika zaɓa, ki rubuta wa masu ita ki nemi izinin fassara, ki adana amsar.

In wani a sashenku ya ce wannan ai aikin banza ne, tsoro ba cuta ba ne, ki gaya masa tsoro yana sa jiki ya saki sinadarin adiranalin, shi kuma yana iya rage ƙarfin matsawar mahaifa. A Norwe an bi mata 2,206, aka buga sakamakon a 2012: masu tsananin tsoro naƙudarsu ta fi tsawo da kimanin minti 47, bayan an cire tasirin sauran dalilai.

Ki zauna da mata kafin ki taɓa fassara

Wannan matakin ne ake tsallakewa, kuma shi ne wanda ba na yafewa. Ki sami mata 15 zuwa 20, ɗaya bayan ɗaya, masu cikin fari da waɗanda suka haihu bakwai, na birni da na ƙauye, da wadda aka taɓa yi wa aiki, da wadda ta taɓa haihuwa ba rai. Ki haɗa da ungozomar gargajiya biyu ko uku. Kada ki ce "kina tsoro?" Ki ce, "In kika tuna ranar, me ke zuwa miki a rai?" ko "Matan unguwarku me suka fi faɗa game da haihuwa a asibiti?" Mace ta fi sakin baki in maganar ta wasu ce. Ki ci gaba har sai kin ga sababbin matan ba sa kawo sabuwar magana.

Ki rubuta kalmominsu yadda suka fito. Hausa ba ta da talaucin kalma a nan: tsoro, fargaba, zullumi, taraddadi, firgici, razana, ɗar-ɗar, faɗuwar gaba. Ba ɗaya suke ba. Na lura mace za ta musanta tsoro, domin yana kama da raunin imani ko rashin dauriya, amma ta amsa miki cewa gabanta yana faɗuwa, ko barci ya ƙaurace mata, ko hankalinta bai kwanta ba. Faɗuwar gaba abu ne da ke samun mutum, ba laifinsa ba ne. Kalmar da za ta iya amsawa ba tare da ta ji ta zubar da mutuncinta ba, ita za ki gina tambaya a kai. (Wata ɗaliba ta taɓa rubuta "Cikinki ya ɗuri ruwa?" da nufin tsoro. Mai ciki wata tara ta dube ta ta ce ai likita ya ce ruwan daidai yake.)

Za ki kuma ji abubuwan da takardar Suwidin ba ta san da su ba. Naƙuda ta tashi da tsakar dare babu mota. A ce a kawo jini, maigida ba shi da kuɗin leda. Namiji ya duba ta. A yi mata ƙari a ɗinke. A daka mata tsawa a gaban mutane, ko a mare ta a cinya. Jijjiga. Yoyon fitsari, irin wanda ya sami wata a garinsu. Mabiyiya ta ƙi faɗowa. Ta yi raki labari ya koma gidan miji a riƙa yi mata gori har ɗan ya girma. Wata kuma abin da ke hana ta barci shi ne ta sake haifar mace. In takardarki ba ta taɓo ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, to tsoron wasu matan take aunawa. Kina iya ƙara tambayoyi, amma ki ware su daban, ki bayyana a rahotonki cewa ƙari ne, domin mai son kwatanta sakamakonki da na wata ƙasa ya iya cire su.

Fassara

Hanyar da aka fi bi ita ce wadda Beaton da abokan aikinsa suka tsara a 2000. Mutum biyu waɗanda Hausa ce harshen uwarsu su fassara, kowa shi kaɗai. Ɗaya ya san aikin lafiya da manufar takardar, ɗayan kuma bai sani ba, malamin Hausa ne ko mai aikin rediyo. Ku zauna ku haɗa fassarar biyu ta zama ɗaya, kuna rubuta duk inda aka yi gardama. Sai wasu biyu da ba su taɓa ganin ta asalin ba su mayar da ita Turanci. Daga nan kwamiti ya baje duka a tebur ya duba inda ma'ana ta zame.

Mayarwa Turanci tana kama kuskure, amma ba ta kama taurin harshe. Jimla za ta iya komawa Turanci cif-cif alhali babu Bahaushiyar da ke magana haka. Don haka ni a kwamitina nakan sa dattijuwa ɗaya da ba ta yi boko ba, a karanta mata, a ga inda za ta yamutsa fuska.

Ga wuraren da W-DEQ ke ba da wuya. Akwai kalmomin Turanci uku zuwa huɗu a cikinta da ke zagaye kaɗaici da yasarwa, masu fassara kan zuba su duka a "ni kaɗai". Sai mace ta ce, "Ai kin tambaye ni wannan." Dole a nemo wa kowace fuskarta: babu kowa kusa da ni, an tafi an bar ni, babu mai waiwayata. Sannan a wurinmu kaɗaici a haihuwa ba kullum ne abin tsoro ba. Akwai matan da burinsu su haihu su kaɗai a ɗaki, sai an ji kukan jariri a kira ungozoma ta yanke cibi, kuma abin yabo ne. Akwai tambayar alfahari, wadda a Hausa tana iya fitowa da warin girman kai. Akwai ta jin kai mai cin gashin kai ne, wadda na ga ta rikita mata da yawa.

Mafi nauyi su ne biyun ƙarshe, masu tambayar ko ta yi tunanin ɗan zai mutu ko zai ji rauni. A kunnen mai ciki wannan mugun fata ne. Amsar da za ki samu addu'a ce, kuma addu'a ba ta da gurbi tsakanin 0 da 5. Abin da na ga yana aiki shi ne a share hanya tukuna: "Muna roƙon Allah Ya raba lafiya. Mata da yawa sukan ce wani tunani yana faɗo musu game da lafiyar abin da ke cikinsu, ba da son ransu ba. Ke yakan faɗo miki?" An yi addu'ar tare, an nuna ba ita kaɗai ba ce, an sauke mata laifi. Ki rubuta wannan share fagen a jikin takardar, kowace mai tambaya ta faɗe shi iri ɗaya.

Haka "sai yadda Allah Ya yi". Gaskiya ce, kuma mai tsoro da marar tsoro duk suna faɗinta. Ki koya wa masu tambayarki su karɓa da "Haka ne, Allah Ya sa mu dace," sannan su maimaita tambayar a hankali sau ɗaya. In ta sake ba da amsar nan, a bar gurbin a buɗe. Kada a cike mata da sifili.

In aikin zai ratsa Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi ko Damagaram, a karanta wa matan can su ma. Fassarar da aka yi da Kananci zalla takan yi tuntuɓe a kalma ɗaya ko biyu, kuma a Nijar kalmomin asibiti da yawa daga Faransanci aka aro su.

Yadda za ta nuna amsa

Takardun nan an yi su ne domin mace ta karanta ta cike da kanta. Da yawa daga cikin matanmu karanta musu za a yi, kuma "zaɓi daga 0 zuwa 5" ba magana ba ce a wurin wadda ba ta saba ba. Ni kofunan gilashi nake jerawa a faranti, iri ɗaya, na zuba ruwan zobo: na farko wayam, na ƙarshe fal, na tsakiya hawa-hawa. In takardar mai mataki shida ce, kofi shida. Sai na ce, "In faɗuwar gaban nan ruwa ce, wane kofi ne naki?" Kafin tambayoyin gaske nakan gwada ta da abu mai sauƙi, kamar yadda take son tuwon dawa, don na ga ta kama dabarar. A ɗakin haihuwa hoton kofunan a kati mai leda ya isa, ta nuna da yatsa.

Amma ki sani kin canja ma'aunin. Ki faɗa a rahotonki, kuma kofunan su ma sai an gwada su kamar yadda ake gwada kalmomi. Fuskokin nan masu murmushi da kuka ba na son su a nan, domin mai naƙuda takan ɗauka ciwo ake tambaya.

Masana, sannan matan kansu

Ki ba mutum 6 zuwa 10 takardar: ungozomomi, likitan mata, likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam, masanin Hausa. Kowa ya ba kowace tambaya maki 1 zuwa 4 kan dacewarta da abin da ake aunawa. Ki ƙirga waɗanda suka ba da 3 ko 4, ki raba da yawansu. A ce su 8 ne, 7 suka yarda, kin sami 0.88, ta wuce. In 6 ne, 0.75 ke nan, ta gaza 0.78 da aka saba ɗauka a matsayin iyaka, sai a gyara ko a cire. Matsakaicin duka takardar ana so ya kai 0.90. Ki bar musu fili su rubuta abin da suke ganin babu. Kuma kada ki tara ƙawayenki zalla, waɗanda za su ba ki 4 daga sama har ƙasa don kada ranki ya ɓaci.

Sai gwaji a kan mata 30 zuwa 40 irin waɗanda za a yi aikin a kansu. A nan ba makinsu kike nema ba. Bayan kowace tambaya ki ce, "Da bakinki, me na tambaye ki?" da "Me ya sa kika nuna wannan kofin?" Na taɓa zama da wata mai ciki na shida, na karanta mata tambayar ko tana ganin za ta kasa riƙe kanta. Ta nuna kofin da ke fal. Na ce, "Hajiya, me kika tuna?" Ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Ai kowa yana yi, in kan ya taho." Ita bayan gida ta fahimta. Da ban tambaya ba, da na rubuta ta cikin masu firgita. Irin wannan babu lissafin da zai nuna miki shi.

Ki riƙe agogo kuma. Wadda za a yi a naƙuda in ta wuce minti biyu ta yi tsawo.

Izini, adadi, da wanda zai yi tambayar

Ba a fara tattara bayani sai da takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, na asibitin ko na ma'aikatar lafiya ta jiha, mai rajista da kwamitin ƙasa, NHREC. Yardar mace kuma a wurin awo ake nemanta, tana zaune da hankalinta, ba lokacin da take murƙususu ba. Wadda ba ta rubutu ta dangwala, da shaida wanda ba ya cikin masu binciken. A ɗakin haihuwa a sake tambayarta da baki, in ta ce a'a an gama. Sanar da maigida ladabi ne kuma yana sauƙaƙa aiki, amma yardarsa ba ta maye gurbin tata. Matan aure 'yan ƙasa da shekara 18 za ki gamu da su, don haka ki sa kwamitin ya rubuta miki yadda za a yi da su tun farko.

Adadi: abin da aka saba shi ne mace 5 zuwa 10 kan kowace tambaya, kuma kada a gaza 100. Mai tambaya 33 ke nan tana son 165 zuwa 330. In za ki binciko tsarin takardar sannan ki tabbatar da shi, rukuni biyu daban kike bukata.

Inda za ki samo su ya fi adadin muhimmanci. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa a Najeriya ne ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai ɗaya cikin biyar ba. Wadda tsoron asibiti ya fi kamawa ba za ki same ta a layin awo ba. In ta kafin haihuwa kike tantancewa, ki shiga unguwa ta hannun mai unguwa da ungozomar gargajiya. In ba za ki iya ba, ki rubuta ƙarara cewa matan asibiti kaɗai aka gwada.

Mai tambaya ta zama mace, ba cikin farin kaya ba, kuma ba wadda za ta karɓi haihuwar ba. Babu mai gaya wa Sista cewa Sista take tsoro. Uwar miji ko kishiya in suna tsaye, a nemi su ɗan ba da wuri cikin girmamawa: "Inna, a taimaka a samo mata ruwan zafi." In ba haka ba Inna ce za ta amsa, kuma amsarta "ai jaruma ce". A naƙuda, a jira ciwon ya lafa sannan a yi tambaya, a tsaya da zarar ya dawo. A rubuta buɗewar mahaifa santimita nawa, ko an sa ruwan naƙuda, ko an ba ta maganin ciwo, ko akwai wani nata a kusa. Ki tsayar da mataki ɗaya ga kowa, misali daga santimita 5, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa farkon naƙuda mai ƙarfi a shawarwarinta na 2018. Wadda jini ya ɓalle wa ko take jijjiga ba a zuwa mata da takarda.

Lissafi

Ba sai kin sayi manhajar lissafi ta SPSS ba, manhajar jamovi kyauta ce kuma ta isa. Kafin komai ki juya makin tambayoyin da aka tsara a juye, waɗanda a W-DEQ guda 14 ne. Duk shekara sai an zo min da alfa, lambar da ke nuna ko tambayoyin sun tsaya kan magana ɗaya, ƙasa-ƙasa, wani lokaci har da alamar ragi, ana cewa takarda ta lalace, alhali juyawar aka manta.

Sai ki dubi kowace tambaya ita kaɗai, kafin ki nemi wata babbar lamba. Wace ce aka fi bari ba amsa? Wace ce kusan kowa ya nuna kofin wayam? In fiye da kashi 15 cikin 100 na matan sun taru a mafi ƙanƙantar jimla, ana ɗaukar ma'aunin ya kasa rarrabe na ƙasa. A wurinmu wannan ne sawun kunya, kuma in kin gan shi komawa za ki yi kan kalmomin.

Daga nan ki duba yadda tambayoyin ke rabuwa gida-gida, wato waɗanda amsoshinsu ke tafiya tare su zama gida ɗaya. Awon KMO, mai nuna ko bayanan sun dace da wannan rabon, ya kai 0.6, gwajin Bartlett ya nuna akwai alaƙa tsakanin tambayoyin. Wajen yanke yawan gidajen ki yi amfani da gwajin kwatance na Horn, wanda jamovi ke farawa da shi, ki bar gidajen su yi alaƙa da juna domin tsoro ba ya zama ɗaki-ɗaki. Tambayar da nauyinta, wato ƙarfin alaƙarta da gida, bai kai 0.4 a kowane gida ba, ko ta raba ƙafa a gida biyu, ki sake karanta ta. Kada ki firgita in tsarinki bai zo daidai da na asali ba. Masu W-DEQ abu ɗaya suka ce tana aunawa, amma a Ingila a 2002 an sami gida huɗu, a Norwe a 2011 aka sami shida. A rukuni na biyu ki tabbatar da tsarin, da lambobi biyu masu nuna yadda ya dace da amsoshin matan: CFI daga 0.90 zuwa sama, an fi son 0.95, RMSEA ƙasa da 0.08.

Yanzu ne lokacin alfa ta Cronbach, kuma kowane gida da tasa. Daga 0.70 an karɓa. In ta haura 0.95 kada ki yi murna, alama ce kina maimaita tambaya ɗaya da kaya daban-daban. Tambayar da alaƙarta da sauran ba ta kai 0.30 ba abar dubawa ce, amma kada ki cire ta don kawai alfa ta ɗaga. In matan da kika zauna da su sun ce rashin kuɗin jini ne ke hana su barci, tambayar tana nan ko lamba ta so ko ta ƙi, sai dai a ba da rahotonta daban.

Maimaita awo bayan mako biyu ya dace da ta kafin haihuwa: mata kamar 50, ana neman ICC, lambar da ke nuna yadda awon biyu suka yi daidai, ya kai 0.70, a cire wadda wani abu ya faru da ita a tsakani, kamar a ce mata ɗan a gicciye yake. Ga ta cikin naƙuda wannan ba shi da ma'ana, domin abin da kike aunawa yana canjawa daga awa zuwa awa. Abin da za ki gwada a can shi ne masu tambaya biyu ko suna samun amsa iri ɗaya.

Sai hasashe, wanda za ki rubuta kafin ki ga sakamako. Ina sa ran makin zai tafi tare da na FOBS sosai. Zai yi alaƙa da EPDS, mai tambaya 10 ta auna baƙin cikin masu ciki da masu jego, amma matsakaiciya, domin in ta yi ƙarfi ƙwarai to baƙin ciki kike aunawa. Wadda ta taɓa rasa ɗa wurin haihuwa za ta fi wadda ba ta taɓa ba. A naƙuda ki auna ciwo daban, da tambaya guda, ki ga ko takardarki ba ciwon kawai take bi ba. Ki ƙirga hasashe nawa suka tabbata, ki faɗi waɗanda suka faɗi.

Maki nawa ne "ya yi yawa"?

Za ki ga ana cewa 85 a W-DEQ shi ne tsananin tsoro. A kan matan Turai aka tsayar da shi, masu cikewa da hannunsu. Ke kin fassara, kin karanta da baki, kin sa kofuna, wataƙila kin cire tambaya biyu. Lambar ba ta biyo ki ba. In kina son taki iyakar, sai likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya ya tattauna da wani kaso na matan ba tare da ya ga makinsu ba, sannan a yi lissafin ROC a ga makin da ya fi raba waɗanda ya ce suna bukatar taimako da sauran. In babu halin yin haka, ki ba da matsakaici da yadda makin ya bazu, ki bar maganar "kashi kaza na matan Kano suna da tsananin tsoro".

Kafin ki yi wa mace ta farko tambaya, ki san inda za ki kai wadda ta nuna kofi fal tun daga sama har ƙasa, ko ta fashe da kuka a tambaya ta tara. Ki shirya da wata ungozoma mai haƙuri da za ta zauna da ita, ta zagaya da ita ɗakin haihuwa ta ga gadon da idonta, a yi maganar wanda zai rako ta da motar da za a kira in dare ne. Ki sami sunan likitan da za a tura mai bukatar fiye da haka, da ranar da yake ganin marasa lafiya. Lambar wayar ungozomar nan nakan sa a rubuta a bayan katin awon matar, da babban rubutu, yadda ko ɗanta ɗan firamare zai iya karanta mata.